Binciken kasuwa

Binciken kasuwa shi ne tattara bayanai a kan masu saye: su wane ne, me suke saye, nawa za su iya biya, kuma me ke sa su bar wannan kaya su ɗauki na kusa da shi. Da sakamakonsa ne kamfani ke yanke shawarar abin da zai sarrafa, da kuɗin da zai sa masa, da hanyar da zai bi ya kai shi kanti, da irin tallar da zai yi. Sana'ar tana tsakanin sashen talla da sashen zayyana, wato masu zanen kwali da hoton talla. A manyan kamfanoni kowanne da mutanensa, amma a ƙanana sau da yawa mutum guda ne ke riƙe da ukun, galibi matashin da bai daɗe da gama karatu ba.

Asali

A Amurka aikin ya fara zama sana'a mai cin gashin kanta. A 1911 kamfanin buga mujallu na Curtis da ke Filadelfiya ya ɗauki Charles Coolidge Parlin, wanda a da malamin makaranta ne, ya ba shi sashen binciken kasuwanci. Aikinsa na farko a kan kayan noma ne. A 1923 Arthur Nielsen ya kafa kamfaninsa a Cikago, daga baya ya fito da tsarin zagaya kantuna a kai a kai ana ƙirga abin da aka sayar, don a san kason kowane kamfani a kasuwa.

Darasin da har yau ake fara koya wa sabon shiga daga zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 ya fito. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. George Gallup, wanda ya kafa cibiyarsa ta jin ra'ayin jama'a a 1935, da mutane kaɗan ƙwarai ya yi nasa lissafin idan aka kwatanta, ya ce Roosevelt ne zai ci. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa daga kundin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka damu su mayar da amsa ba su wakilci sauran ba. Yawan waɗanda aka tambaya bai gyara kuskuren zaɓen su ba.

Hirar rukuni, inda ake zaunar da mutum shida zuwa goma a ja su da zance, ta samo tushe ne daga aikin masana zamantakewa Paul Lazarsfeld da Robert Merton a kan masu sauraron rediyo a farkon shekarun 1940.

Aikin sabon shiga

Wanda ya shigo sana'ar yau ba da rubuta rahoto yake farawa ba. Shi ke tsara tambayoyi, ya loda su a waya ta manhaja irin su KoboToolbox ko ODK, ya bi masu tattara bayanai fili, da dare kuma ya zauna gaban kwamfuta yana tace abin da suka kawo a manhajar lissafi irin su Excel ko SPSS. Tacewar nan ita ce mafi gajiyarwa, kuma a nan ake kama maguɗi. Akwai tsohuwar cutar sana'ar, wato mai tambaya ya samu inuwar bishiya ya cike takardun mutum ashirin daga kansa. Yanzu waya tana nuna inda aka tsaya da mintin da hira ta ci, don haka hirar da ya kamata ta ɗauki minti 25 idan ta ƙare a minti 4 an san akwai lauje cikin naɗi. Ana kuma sake kiran wasu daga cikin waɗanda aka ce an tambaya, a ji ko da gaske wani ya zo.

Daga nan sai zayyana. Abin da bincike ya gano ana taƙaita shi a 'yar takarda ga mai zane: wa ake nufi, me ake so ya ji, a ina zai ga kayan. Mai zane ya fitar da kwali ko hoton talla iri biyu ko uku, a manhajar zane irin su Illustrator ko Figma ko CorelDRAW, wanda masu ɗab'i a Nijeriya suka fi sabawa da shi. A intanet gwajin ya yi sauƙi. A saki hoto biyu a Facebook ko Instagram ga mutane iri ɗaya, a ga wanne aka fi latsawa. Sai dai latsawa daban, fitar da kuɗi daban.

Abin da baki ya faɗa da abin da hannu ya ɗauka

Babbar matsalar sana'ar ke nan. A Afrilun 1985 Coca-Cola ta canza ɗanɗanon lemonta bayan gwajin ɗanɗano a kan mutane kusan 200,000, inda sabon ya rinjayi tsohon. Jama'a suka yi ca, cikin wata uku aka dawo da tsohon. Gwajin bai yi ƙarya ba, kurɓi ɗaya na sabon ya fi zaƙi. Abin da bai auna da kyau ba shi ne yadda mutane za su ji idan aka raba su da abin da suka taso da shi.

A ƙasar Hausa matsalar tana da nata salo. Ka miƙa wa magidanci sabon shayi kyauta, ka tsaya a kansa kana jiran hukunci, da wuya ya ce maka ba daɗi. Zai ce "ba laifi", ko "wallahi ya yi". Kunya da kara ne suka amsa. Mai binciken da ya rubuta "ba laifi" a matsayin yabo ya kai wa kamfaninsa labarin da babu shi. Gara a tambaye shi me ya saya jiya, a wane shago, nawa, ko a nemi ganin ledar. Haka nan a unguwannin da namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, in ba a ɗauki mata masu tambaya ba, za a dawo da ra'ayin maigida a kan sinadarin miyar da ba shi ke girkawa ba.

A Nijeriya

Harkar talla ta zamani a ƙasar ana danganta farkonta da kamfanin West Africa Publicity, wanda aka kafa a 1928, daga baya ya koma Lintas. Hukumar APCON da aka kafa a 1988 don kula da masu talla ta zama ARCON a 2022, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan yadda ake karɓar suna da lambar wayar mutum da yadda ake adana su.

Misalin da aka fi kawowa na fahimtar mai saye shi ne madarar Cowbell, wadda kamfanin Promasidor ya shigo da ita a 1993 cikin ƙananan leda. Mutane suna son madara, gwangwani ne ya fi ƙarfin aljihun mai samun na yau da yau. Da aka rage awo zuwa na kofi ɗaya, sai ta isa teburin mai shayi, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu da garin sabulu, da man goge baki, da tumatir.

Harshe ma yana da nasa tarko. A bakin jama'a kowane garin sabulu omo ne, kowane ɗan dunƙule magi ne, kowane man goge baki makilin ne. In aka tambayi uwargida wane magi take sawa ta ce "magi", ba a san komai ba tukuna. Da yawa da launi ko hoto suke gane kaya: mai tauraro, mai zakara, mai jan kwali. Shi ya sa masu tambaya ke yawo da kati ɗauke da hotunan kayan su ce a nuna da yatsa, shi ya sa kuma mai zanen da ya tashi sabunta kwali ake fara gargaɗinsa kada ya taɓa alamar da ake aiken yaro da ita shago.