Waiwaye: Yadda ɗan tsaron baya na biyar ya zama ɗan gida a NFL

A ƙwallon Amurka 'yan wasa 11 ne ke tsare gida. A da bakwai ke tsayawa gaba, ƙarti masu tare mai gudu da ƙwallo, huɗu kuma a baya: biyu a gefe suna manne wa masu cafe jifa, biyu can ƙurya da ake kira sefti. Na biyar ɗan benci ne, ba a tuna shi sai an tabbata jifa za a yi. Har sunan tsarin mai 'yan baya biyar, nikel, daga kwabon senti 5 na Amurka aka aro shi. Yau wannan tsari ne abincin yau da gobe a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kuma doka ce ta jawo hakan.

A shekarun 1970 akwai Mel Blount na Pittsburgh Steelers, dogo mai ƙarfin tsiya. Tun daga layi yake dafe mai cafe jifa, ya bi shi da bangaza har ƙarshen fili, kafin ƙwallo ta iso mutum ya riga ya jigata. A 1978 aka ce bangaza ta tsaya cikin yadi 5 na farko. Har gobe da sunansa ake kiran dokar.

Alƙalan wasa sun riƙa kawar da kai, sai Janairun 2004, lokacin da New England Patriots suka doke Indianapolis Colts 24 da 14. Sau huɗu Patriots suka cafe jifar Peyton Manning, mai jifan Colts, uku a hannun Ty Law. Colts suka yi ta ƙorafin an rirriƙe 'yan wasansu, hukumar gasar ta tsaurara dokar, a kakar da ta biyo Manning ya yi jifa 49 da suka kai ga ci, ya karya tarihin Dan Marino na 1984.

Tun da an ɗaure wa masu tsaro hannu, sai suka koma dabarar yawa da rabon fili. Ƙungiyar da ta yi sa'ar gwani irin Darrelle Revis na New York Jets takan sakar masa fitaccen ɗan wasan abokan hamayya, mutum da mutum, sauran su ji da nasu. Amma irinsa nawa ne? Seattle Seahawks suka bar sefti ɗaya, Earl Thomas, a ƙurya, Richard Sherman na gefe, suka lallasa Denver Broncos 43 da 8 a wasan ƙarshe na Super Bowl a 2014.

Wasu sun zarce gona da iri. A Janairun 2019 Los Angeles Chargers suka zuba 'yan baya bakwai don kamo Lamar Jackson, mai jifan Baltimore Ravens mai gudun tsiya, suka kuma ci wasan. Mako guda bayan nan Patriots suka ga marasa nauyi a gabansu, suka yi ta danna ƙwallo ta tsakiya da gudu, suka doke Chargers 41 da 28. A ganina darasin da aka fi saurin mantawa ke nan: duk ɗan baya da ka ƙara, ƙato guda ka cire.

Patrick Mahomes, mai jifan Kansas City Chiefs, ne ya dawo da sefti biyu ƙurya, domin kowa na tsoron doguwar jifarsa. Dabarar, wadda ake jingina wa koci Vic Fangio, ita ce a rufe nesa, a bar mai jifa ya yi ta tsintar yadi kaɗan-kaɗan ko haƙurinsa ya ƙare. A Fabrairun 2025 Fangio na jagorantar tsaron Philadelphia Eagles, suka ci Kansas City Chiefs 40 da 22. Wanda ya cafe jifar Mahomes ya zura da ita yadi 38 har gidan Chiefs kuwa Cooper DeJean ne na Eagles, sabon shiga, ranar da ya cika shekara 22. Gurbin na biyar yake bugawa.