Ma'anar "zafin saman teku", da abin da satalayit yake gani a gaskiya

Kwanakin baya a kasuwar kifi ta Sigala da ke Bur Sudan, birnin ƙasar Sudan da ke gaɓar Bahar Maliya, na ga wani matashi yana nuna wa kawunsa, tsohon masunci, wata taswira mai ja da shuɗi a waya, yana cewa, "Kawu, ka duba wurin jan nan, satalayit ya hango kifin tuna." Wannan magana ta zama ruwan dare a majalisunmu, kuma tana damuna, domin satalayit ba ya ganin kifi ko ɗaya.

Abin da taswirar take nunawa shi ne zafin saman teku, kuma kalmar "sama" ita ce mutane suke tsallakewa. Na'urorin da ke kan taurarin ɗan'adam, irin su MODIS da hukumar NASA ta Amurka ta harba a kan tauraron Terra a 1999 da tauraron Aqua a 2002, suna auna tururin zafin da ke tashi daga fatar ruwa, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Duk abin da ke ƙasa da wannan fata a ɓoye yake, alhali tuna tana iya nutsawa mita ɗari ko fiye. Saboda haka jan launi yana nufin ruwan ya fi ɗumi ne kawai.

Masana ba jan suke bi ba, gaɓar da ruwan ɗumi ya haɗu da mai sanyi suke nema, domin a nan ƙananan halittun ruwa suke taruwa, ƙananan kifaye su bi su, tuna kuma ta bi kifayen. Ko a Indiya, inda cibiyar bayanan teku ta INCOIS take aika wa masunta irin wannan bayani bayan ta haɗa shi da ma'aunin koren ruwa, wato yawan ƙananan tsirran da ke cikinsa, sunan da ta ba wuraren shi ne "inda ake sa ran samun kifi". Ina ganin wannan suna ya fi gaskiya, kuma da shi ya kamata a riƙa yi wa masuncin da ke sayen fetur da bashi bayani kafin ya tura jirginsa nesa da gaɓa.

Bahar Maliya kuwa tana da nata hali, domin ko a can ƙarƙashinta ruwan yana kusa da digiri 22 a ma'aunin Celsius, samanta kuma yakan wuce 30 a lokacin zafi. Sannan idan ƙurar Tokar, wani yanki da ke kudu da Bur Sudan, ta taso ta rufe teku tsakanin Yuni da Satumba, ma'aunin yakan rikice, kamar yadda gajimare yake toshe shi gaba ɗaya.