Injin XUD mai turbo na motocin Peugeot

XUD suna ne na wani jerin injinan gazuwal masu silinda huɗu, waɗanda kamfanin PSA na Faransa, mai Peugeot da Citroën a lokacin, ya ƙera daga 1982 zuwa farkon shekarun 2000. Akwai masu turbo, akwai marasa shi. Mafi shahara cikin masu turbo shi ne XUD9TE mai lita 1.9, wanda ake samu a Peugeot 306 da 405 da 406 da Citroën ZX da Xantia. A garejin Damagaram ba a cika kiransa da wannan suna ba, da sunan motar ake kiransa, a ce 405 mai gazuwal ko 406 turbo. Ya yi suna wajen juriya da sauƙin gyara, amma ba ya jure yawan zafi ko kaɗan.

Tarihi

Rudolf Diesel ya samu takardar mallakar fasaharsa a Jamus a 1893, injinsa kuma ya yi aiki yadda ya kamata a 1897. A 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar amfani da hayaƙin da injin ke fitarwa don juya wata ƴar fanka da za ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Wannan shi ne asalin turbo. An daɗe ana amfani da shi a jiragen ruwa da jiragen ƙasa da manyan motoci kafin ya sauko kan ƙananan motoci.

Mercedes ce ta fitar da 260D a 1936, ɗaya daga cikin ƙananan motocin farko masu shan gazuwal. Peugeot ta shiga fagen sosai a 1959, da ta sa injin Indenor a 403. Zuriyar wannan injin ce ta ja 404 da 504, motocin da tsofaffin direbobin Nijar suka yi ƙuruciya a cikinsu. A 1978 Mercedes ta kai 300SD mai turbo kasuwar Amurka, a 1979 kuma Peugeot 604 ta zama ƙaramar mota ta farko mai gazuwal da turbo da aka sayar a Turai, da injin lita 2.3 mai ƙarfin doki 80.

Indenor babba ne, mai nauyi, an yi shi don motocin da ƙafafun baya ke turawa. Da kamfanin ya koma ƙera motoci masu ja da ƙafafun gaba, ya buƙaci injin da zai kwanta a gicciye a gaban mota. Daga nan XUD ya fito a 1982, aka fara sa shi a Talbot Horizon da Peugeot 305, sannan Citroën BX. A masana'antar Trémery, kusa da birnin Metz a gabashin Faransa, aka riƙa ƙera shi. Na farko mai turbo shi ne XUD7TE mai lita 1.8, wanda ya bayyana wajajen 1988 a BX da 405. A 1989 aka ƙara da XUD11 mai lita 2.1 don manyan motoci irin su 605 da Citroën XM. XUD9TE ya zo wajajen 1992.

An ƙera miliyoyinsa, har wasu kamfanoni suka riƙa saye suna sa wa motocinsu, ciki har da Rover da Suzuki da Fiat da Lada. Abin da ya kawo ƙarshensa shi ne dokokin hayaƙi na Turai, musamman matakin Euro 3 da ya fara aiki a 2000, da kuma fitowar injin HDi a 1998, wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansa. Shi kansa HDi na farko a kan ginin XUD aka ɗora shi, ko tsawon tafiyar fistan ɗinsu ɗaya ne, milimita 88.

Gini da ma'auni

Gangar jikin injin ta zubin baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wato abin da makanikan Nijar ke kira kulas, na alminiyam ne. Sandar da ke buɗe bawul guda ɗaya ce, tana saman kulas, bel mai haƙora ke juya ta. Wannan bel ɗin shi ne kuma ke juya famfon gazuwal da famfon ruwa.

XUD9TE na da girman cc 1,905. Faɗin silinda milimita 83 ne, tafiyar fistan 88, bawul takwas. Matsin iskarsa 21.8 a kan 1 ne. Yana ba da ƙarfin doki 90 zuwa 92 a juyi 4,000 cikin minti, ƙarfin murɗawarsa kuma Nm 196 a wajen juyi 2,250. XUD7 na da cc 1,769 da faɗin silinda 80. XUD11 mai turbo na da cc 2,088 da bawul 12, yana kai doki 110. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, kuma silinda ta ɗaya ita ce wadda ke ɓangaren giya, abin da ke rikita yaran gareji da suka fara koyo a kan motocin Japan.

Ba kai tsaye ake fesa gazuwal a kan fistan ba. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kulas, ƙirar kamfanin Ricardo na Ingila, inda man ke fara kamawa kafin wutar ta bazu cikin silinda. Wannan ya sa injin bai cika ƙara da jijjiga ba, sai dai ya fi injinan da suka biyo bayansa shan mai, kuma zafi mai yawa na taruwa a kulas. Turbo ɗin na Garrett ne ko na KKK, da na'urar sanyaya iska tsakaninsa da injin.

Famfon gazuwal iri biyu ne, Bosch da Lucas, dukansu masu aiki da ƙarfe ba da kwamfuta ba, sai a wasu na ƙarshe-ƙarshe da aka ƙara wa ƴan na'urorin lantarki. Masu gyara da yawa sun fi yarda da Bosch wajen jure mai maras kyau.

A Damagaram

Kusan duk injinan nan a cikin motocin hannu suka shigo Nijar daga Turai, galibi ta tashar jiragen ruwan Kwatano, kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome. Kayan gyaran jiki da na ƙafa ba su cika wuya ba, domin masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta haɗa Peugeot iri-iri, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ba ta da nisa da Damagaram. Amma yawancin motocin Kaduna masu fetur ne, don haka kayan cikin injin gazuwal sau da yawa daga tsohon injin da aka kwance ake ciro su.

Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ, da ke kimanin kilomita 50 arewa da gari, take tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana in tana aiki sosai, kuma gazuwal na cikin abin da take fitarwa.

Ƙarko da raunuka

Ƙasan injin, wato gangar jiki da fistan da karanshaf, yana da wuyar mutuwa. Ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya haura kilomita 300,000 ba a taɓa buɗe cikinsa ba. Abin da ke kashe shi yana sama.

Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ɗauki zafi. Injin ya tafasa sau ɗaya tak, gasket ɗin da ke tsakanin kulas da gangar jiki na iya ƙonewa, kulas ɗin ya lanƙwashe ko ya tsage tsakanin bawul. Alamominsa sanannu ne: ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, robobin ruwa su yi tauri kamar dutse tun injin bai gama ɗumi ba, kumfa na tasowa a tankin ruwa, wani lokaci farin hayaƙi a salansa. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, a kan doguwar hanya irin ta Tanout zuwa Agadez ko ta Gure zuwa Diffa, da mota cike da mutane da kaya, injin ba shi da wani rarar sanyi da zai dogara da shi. Fankokin lagireto na lantarki ne, kuma sukan daina aiki shiru saboda ruɓewar waya ko mutuwar rile, wato ɗan makunnin da ke ba su wuta, direba bai sani ba sai allurar zafi ta hau ja. Ruwan rijiya ko na famfo da ake ɗura wa lagireto yana barin gishiri da tsatsa, sannu a hankali ya toshe ƴan hanyoyin cikinsa. Abin takaici ne yawan injinan da suka rage da sauran rai amma aka yi asararsu a kan fanka ɗaya da ba a duba ba.

Akwai saɓani kan cire kalostat, abin da ke tsare ruwa har injin ya yi ɗumi. Wasu makanikai na cirewa saboda zafin ƙasa, kamfanin da ya ƙera bai yarda da haka ba.

Rauni na biyu shi ne bel mai haƙora. In ya tsinke injin na tafiya, fistan kan daki bawul, sau da yawa har sandar da ke samansu ta karye.

Turbo ɗin kansa yakan daɗe in yana samun baƙin mai mai tsabta. Ƙurar hunturu da ta ratsa yagaggiyar matatar iska tana cinye fikafikansa. Shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai su ne alamar ya gaji. Wuyar tashi da sanyin safiya yawanci daga matattun buji masu ɗumama silinda take, ko iska ce ke shiga ta tsofaffin robobin gazuwal.

Kulawa

A ƙasa mai ƙura da zafi ana rage tazarar juyen baƙin mai zuwa kimanin kilomita 5,000, tare da matatarsa. Injin na ɗaukar lita huɗu da rabi zuwa biyar, gwargwadon motar. Bel mai haƙora, an fi samun kwanciyar hankali in an canza shi a wajen kilomita 60,000, a haɗa da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin, tunda aiki ɗaya ne. Duk wanda ya sayi mota bai san tarihinta ba, da wannan ya kamata ya fara.

Bayan an sauya ruwan lagireto dole a kwance ƴan kusoshin fitar da iska har ruwa ya fito babu kumfa, domin iskar da ta maƙale a kulas ita kaɗai ta isa ta ƙona gasket. In za a sa sabon gasket, kaurinsa iri-iri ne, ana gane su ta yawan tsagar da ke gefensu, kuma ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistan ke ɗara saman gangar jiki. Tazarar bawul, injin na sanyi, milimita 0.15 ce a na shigar iska, 0.30 a na fitar hayaƙi.

Matatar gazuwal na da wurin tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasanta, abin da ya zama wajibi ga mai sayen mai a jarka wajen ƴan ruwa-ruwa, don ruwa da yashi ke lalata famfo. Bayan doguwar tafiya ana barin injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe, turbo ya huce man na zagaya shi.