Waiwaye: Kwamfuta da gyaran jiragen yaƙi, zancen ya daɗe

Kwanan nan duk inda ka leƙa ana ta ja-in-ja wai AI zata karɓe aikin makanikan soja, wasu na murna wasu na cewa shikenan masu gyara sun tashi aiki. To wannan zancen ya girmi da yawa daga cikin masu yinsa.

Tun 1965 aka fara DENDRAL, wata manhajar kwamfuta mai gano tsarin sinadarai, a jami'ar Stanford, sai MYCIN a shekarun 1970 mai gano cututtukan jini. Dabarar ɗaya ce, a zauna da gwani a kwashe abin da ya sani a zuba wa kwamfuta a matsayin ƙa'idoji, in ka ga kaza to duba kaza. Sojan ruwan Amurka suka samu manhajar STEAMER don koyar da injin tururin jirgin ruwa, a 1983 aka zuba maƙudan kuɗi a harkar, kafin 1990 kasuwar ta yi sanyi.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne Sherlock, wani tsarin kwamfuta na koyar da makanikai wanda Alan Lesgold da abokan aikinsa suka haɗa a jami'ar Pittsburgh tare da sojan saman Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Jirgin F-15 yana da wata na'ura ta gwada kayan lantarkinsa, to in ita na'urar gwajin ce da kanta ta lalace sai ƙaramin makaniki ya tsaya cak, don irin wannan matsalar ba kullum take zuwa ba, mutum sai ya yi shekaru bai ci karo da ita ba balle ya ƙware, littafin gyaran ma bai rufe komai ba. Sherlock sai ya riƙa kawo masa matsalolin nan masu wuya a allo, yaro ya auna ya yi tunani, in ya maƙale a ɗan haska masa hanya kamar yadda oga ke yi wa yaron gareji. Da aka gwada, awa 20 zuwa 25 da Sherlock ta kai yaran kusa da waɗanda suka fi su shekara 4 a bakin aiki.

A ganina nan asalin matsalar take. Ilimin gyara yana kan tsofaffin hannu ne, su yi ritaya su tafi da shi, kuma masu Sherlock sai da suka yi ta zama da waɗannan gwanayen suna tambayar me yasa ka auna nan baka auna can ba. Wannan aikin na cin lokaci da kuɗi, shi yasa har yau ake son tsallake shi a sayi manhaja kawai.