Jagoranci: kalmar da aka raba da gorarta

Tun da aka shiga yayin tarukan horas da shugabannin makarantu a Zamfara da Kebbi, babu kalmar da ta cika mana kunne kamar jagoranci. Mai karanta labarai a rediyo zai ce an gina ajujuwa shida a ƙarƙashin jagorancin wane, mai gabatarwa a wurin taro zai ce an raba littattafai bisa jagorancin wance, daga ƙarshe kuma a miƙa wa hedimastoci takardar shaida mai cewa sun kammala horo a kan jagorancin makaranta, alhali kwana uku kacal suka yi a ɗakin taron otal. Kowane Bahaushe ya san kalmar, don haka ba sai na tsaya fassara ta ba. Abin da ke damuna shi ne yadda aka mayar da ita tagwaye da shugabanci, har ya zamana duk wanda ke kan kujera, ko duk wanda kuɗin aiki ya bi ta hannunsa, ana kiransa jagora.

Ruɗanin yana da tushe a fassara. Takardun da hukumomin ilimi na duniya ke aiko mana da Turanci ake rubuta su, kuma masu rubuta su suna bambanta tsakanin gudanar da makaranta, wato kula da rajista da albashi da gini da takardun ofis, da kuma jan malamai da ɗalibai zuwa ga koyo. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na sa ido kan ilimin duniya da ya fito a ƙarshen 2024 a kan wannan batu na biyu ya tsaya kacokan, ya kuma maimaita abin da masu binciken ilimi suka daɗe suna faɗa, cewa daga cikin abubuwan da ke cikin makaranta, in an cire koyarwar malami a aji, babu abin da ya kai aikin shugaban makaranta tasiri a kan abin da yaro ke koya. Da irin wannan magana ta iso hannun masu fassara da masu shirya taruka a wurinmu, sai wannan ya ce shugabanci, wancan ya ce jagoranci, wani ya haɗa su biyu da “ko” a tsakani, bambancin da ake son nunawa ya salwanta a hanya. Abin takaicin shi ne Hausa ta riga ta mallaki wannan bambanci tun kafin a kafa makarantar boko ta farko a ƙasar nan.

Jagora kalmomi biyu ne a haɗe, ja da gora. Gorar da ake nufi ita ce sanda, ba goran ruwa ba, kuma sandar makaho ce. Ɗan jagora shi ne wanda ke riƙe da kan sandar yana gaba, makaho yana riƙe da ɗaya kan yana biye. Duk wanda ya taso a Gusau ko Ƙauran Namoda ko Argungu ya ga wannan a bakin kasuwa da ƙofar masallaci ranar Juma'a, kuma ya kamata mu sake kallonsa da kyau, domin dukan ma'anar kalmar tana cikin wannan tafiya ta mutum biyu da sanda ɗaya.

Ɗan jagora sau da yawa yaro ne, ɗa ko jika ko almajirin wanda yake ja. Bai fi makahon shekaru ba, bai fi shi daraja ba, kuma ba shi ne mai iko da abin da aka samo ba. Ashe ke nan tun asali jagoranci bai rataya ga girman matsayi ba. Sannan ba shi yake zaɓar inda za a je don kansa ba. Buƙatar makahon ce ta fito da su daga gida, shi nasa aikin ya san hanya, ya kauce wa rami, ya tsaya in mota na zuwa. Ba ya kuma iya yin saurin da ya ga dama, domin da zarar ya ɗaga ƙafa fiye da na bayansa, ko dai sandar ta suɓuce ko kuma mutumin ya faɗi, kuma a cikin biyun nan kowanne ya faru, tafiya ta ƙare. Ƙayar da makaho zai taka, ɗan jagora ne ke fara cin karo da ita, ranar da ta doki ɗaya ita ke dukan ɗayan. Wani abin da ba a cika lura da shi ba kuwa shi ne sandar tana isar da saƙo ta ɓangarori biyu: makaho yana jin inda za a karkata ta motsinta, shi ma ɗan jagora yana jin gajiyar na bayansa ko tsoronsa ta nauyin da sandar ta yi a hannunsa, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Wanda ba ya riƙe da sandar ba shi da hanyar sanin wannan, ko da kuwa shi ya sayo ta.

Na san wani malami zai ji zafin kwatancen, ya ce an mayar da malamai makafi. Ba haka nake nufi ba, kuma Hausa ma ta daɗe da faɗaɗa kalmar zuwa ga duk wanda ya san hanyar da wani bai sani ba, kamar mai raka baƙo a daji ko mai ja wa alhazai gaba a Makka. Hausawa na cewa na gaba idon na baya. Malamin da ya fito daga kwalejin ilimi ta Maru ko ta Adamu Augie da ke Argungu da takardar NCE, aka tura shi aji mai yara fiye da yadda benci zai ɗauka, yana da idonsa da iliminsa, hanyar ce kawai bai taɓa bi ba. Yana buƙatar wanda ya taɓa bin ta ya riƙe masa ɗaya kan sandar na ɗan lokaci.

Shugabanci kuwa matsayi ne. Ana naɗa shugaba da takarda, ana sauke shi da takarda, yana da ofis da hatimi da ikon sa hannu, kuma makaranta ba ta tafiya sai da shi. Ba na raina wannan aiki, domin makarantar da ba a cike rajista, ba a san malamin da ya zo da wanda bai zo ba, ba a kai rahoto ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ba, ta riga ta rushe ko da ginin na tsaye. Amma mutum yana iya shekara goma yana shugabanci na gaskiya da amana bai yi jagoranci na yini ɗaya ba, kamar yadda wata malamar aji biyu da ba ta da kowane muƙami take iya zama jagorar makaranta baki ɗaya, saboda ita ce sababbin malamai ke leƙawa ajinta su ga yadda take sa yara haɗa baƙi da wasali. Idan muka kira duka biyun da suna ɗaya, mun hana kanmu ganin wanda ya ɓace daga cikinsu.

Na taɓa halartar irin wannan horo na kwana uku. Masu gabatarwa sun san aikinsu, an haska mana rubutu a bango, an raba mu rukuni-rukuni, mun rubuta manufofin makarantunmu a manyan takardu mun liƙa, an biya alawus, an ɗauki hoto. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikinmu yaushe rabonsa da ya zauna a bayan aji ya kalli malaminsa yana koyarwa daga farkon darasi zuwa ƙarshe, kuma bayan mun watse babu wanda ya biyo mu makarantunmu ya ga ko wani abu ya sauya. An koya mana jagoranci ta hanyar da ita kanta babu jagoranci a cikinta, domin masu horaswar sun saki sandar tun a ƙofar otal. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Ƙasashen da ake kawo mana misalinsu a irin waɗannan taruka ba haka suke yi ba. A Singafo, tun 2001, ana zaɓar mataimakan shugabannin makarantu a cire su daga aiki na tsawon watanni, albashinsu na tafiya, su yi karatu a cibiyar horas da malamai ta ƙasar kafin a damƙa musu makaranta. Ingila ta ƙirƙiro takardar ƙwarewa ta musamman ga masu son zama shugabannin makarantu tun 1997. Amma misalin da ya fi kama da ɗan jagora a ganina shi ne na Japan, inda malaman makaranta ɗaya ke zama su tsara darasi guda tare, ɗayansu ya shiga aji ya koyar da shi, sauran su tsaya a gefe suna lura da yaran, su ga a ina suka gane, a ina suka rikice, sannan a koma a tattauna a gyara darasin. Sun fi shekara ɗari suna yin haka, kuma babu abin da yake ci sai lokaci da yardar shugaban makaranta. Mu ma a Nijeriya muna da cibiyar horas da masu tsara ilimi da gudanar da shi a Ondo tun 1992, muna da Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna tun 1976. Shirin TDP na horas da malamai da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, wanda ya fara a 2013 a Jigawa da Katsina da Zamfara, ya gwada abin da ya fi kusa da ma'anar kalmar, domin ya haɗa malaman makarantun da ke kusa da juna suna zama lokaci-lokaci, ya kuma sa masu tallafa musu suna bin su har cikin aji. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce suna da ranar ƙarewa, shi kuwa malami yana nan a aji bayan motar shirin ta daina zuwa.

Ba ma sai mun je Japan ba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa mata dattijai masu hankali daga ƙauyuka, ta ɗora wa kowacce malfa, a kira ta jaji. Jaji takan taho da matan garinsu a ƙafa zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ta tsara na addini da tarbiyya, su koma gida su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba, bayan wani lokaci kuma su sake dawowa. Ita kalmar jaji daga ayarin fatake aka aro ta. Masana ilimi na yau suna da tsarin da suke kira horas da masu horaswa, kuma suna yawan kukan cewa ilimin yana tsiyayewa a hanya kafin ya kai ga malamin ƙauye. Na jaji bai tsiyaye haka ba, kuma dalilin a fili yake: tana tafiya da ƙafarta tare da matan da take ja, ta san gidajensu, kuma komawarta wurin malamarta ba sau ɗaya ba ce. Malfar alama ce ta matsayi, amma tafiyar ce ta sa ake kiranta jaji.

Akwai wani nauyi a yankinmu da takardun ƙasashen waje ba su cika tanadar masa babi ba. Tun bayan sace ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da sace ɗalibai da malamai da aka yi a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar, shugaban makaranta a wasu ƙauyukan Zamfara da kudancin Kebbi yana yanke shawarar da ta shafi rai: ko a buɗe yau, ko a tashi yara da wuri, ko a roƙi malamin da ya tsorata ya dawo bakin aiki. Uban da zai saki 'yarsa ta tafi makaranta a irin wannan hali yakan duba ko hedimasta yana kwana a garin, ko kuwa daga birni yake aiko da umarni ta waya. Mutanen ƙauye ba su karanta rahoton UNESCO ba, amma sun san wanda ke riƙe da sanda tare da su.

Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023, Kebbi kuma tana da gwamnan da ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, ga kuma shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata da ke aiki a jihohin biyu. Saboda haka tarukan horaswa za su ƙaru, kalmar ma za ta ƙara yawa a bakin masu jawabi. Roƙona ga abokan aikinmu na gidajen rediyo da masu rubuta sanarwar hukumomi shi ne, idan an gina aji a zamanin wani, a ce a zamanin mulkinsa ko a ƙarƙashin shugabancinsa, wannan ba rage masa daraja ba ne, gaskiyar abin da ya yi ce. Ga masu shirya horo kuwa, kafin a buga kalmar jagoranci a kan takardar shaida, a sa a cikin kasafin shirin kuɗin man babur da zai kai mai horaswa makarantar kowane hedimasta ko da sau biyu ne a zango, ya zauna tare da shi a bayan aji su kalli darasi ɗaya har ƙarshe, sannan su kira malamin su yi magana a kan yaran da ba su gane ba.