Waiwaye: Yadda Sifili Ya Zama Abin Tsoro a Tankin Murjani

Masu kiwon murjani a tankin gilashi sun rabu gida biyu, kuma gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani ɓangare na cewa naitiret, wato sinadarin da ke taruwa a ruwa daga dattin kifi, dafi ne, a kore shi daga ruwa har sai gwaji ya nuna sifili. Ɗaya ɓangaren kuwa kuɗinsa yake sawa ya sayo naitiret ɗin a kwalba, kullum da safe ya ɗiga shi cikin tanki kamar mai ba jariri magani. Wanda ya shigo harkar jiya-jiya zai ɗauka wani sabon yayi ne ya ɓullo a intanet. Ba haka ba ne. An daɗe ana wannan ja-in-ja, kuma wani babban yanki na amsar an rubuta shi tun 1995, sai dai masu kiwo kaɗan ne suka tsaya suka duba.

Murjanin da ake magana a kai ba jan dutsen kwalliyar da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ba ne, ko da yake danginsu ɗaya. Wannan dabba ce mai rai, ƙanana-ƙanana dubbai a haɗe, suna gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa, irin wanda ya shimfiɗu a gaɓar Bahar Maliya. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, masu launin ƙasa-ƙasa. Su suke karɓar haske su haɗa sukari su ciyar da ita, ita kuma ta ba su masauki da taki. Takin nan shi ne naitirojin, wanda ke cikin amoniya da naitiret, da kuma fosfet. Duk wanda ya yi kiwon tarwada ya san mafarin zancen: kifi ya ci, ya fitar da amoniya, bakteriya ta mai da amoniya naitirait, wata kuma ta mai da shi naitiret. A kogi ruwa ya tafi da shi. A tanki ba inda za shi, sai ya taru.

Farkon tarihin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A 1961 Lee Chin Eng, wani mai kiwo a Jakarta ta Indunusiya, ya nuna cewa dutsen da aka ɗebo daga teku da rayukan da ke jikinsa zai iya tace ruwa da kansa. Ba a saurare shi sosai ba. Shekarun 1970 yawancin tankuna kifi ne kawai da busasshen ƙashin murjani don ado, naitiret ya hau yadda ya ga dama, kifi bai damu ba. A Jamus ne Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Balin suka haɗa dutse mai rai, haske mai ƙarfi, ruwan farar ƙasa, da na'urar da ke kwashe datti cikin kumfa tun kafin ya ruɓe. A farkon shekarun 1980 wani reshen Acropora, wato murjanin nan mai rassa kamar ƙahon barewa da ake ganin ba ya rayuwa a gida, ya tsiro a tankin Dietrich Stüber, har yau ana raba jikokinsa da sunansa. Wajen 1986 matatar da ruwa ke ɗiga kan ƙwallayen roba ta yaɗu a Amurka. Tana kashe amoniya cikin sauri, amma ta bar naitiret jibge, har aka yi mata laƙabi da masana'antar naitiret. Daga nan kowa ya shiga neman hanyar sauke shi: Jean Jaubert a Monako da rami ƙarƙashin yashi, Walter Adey a Washington da tiren noman gansakuka, wasu da yashi mai zurfi inda babu iskar oksijin, a can bakteriya ke mai da naitiret iska ya fice.

A wancan zamani shawarar "ka kai shi sifili" shawara ce ta gaskiya. Mutum yana fama da miligiram 50 ko fiye a kowace lita, ruwan da ke kan tudun murjani a teku kuwa galibi bai kai miligiram 0.1 ba. Kayan aikin lokacin ba su iya kai mutum sifili na haƙiƙa, don haka nufin sifili ba ya cutarwa. Komai ƙoƙarinka wani abu zai rage.

To, a tsakiyar wannan yaƙi ne aka yi wani bincike a Hawai, kuma a ganina nan ne hanya ta rabu.

Gidan kifi na Waikiki, a birnin Honolulu, ya fara kiwon murjani mai rai tun 1978, lokacin da masana da dama ke ganin abin ba zai yiwu ba. Abin da ya bambanta shi shi ne ruwansa. Yawancinsa ba daga bakin teku ake jawo shi kai tsaye ba, daga rijiyar ruwan gishiri ake ɗebo shi, wadda aka haƙa cikin tsohon dutsen murjani. Ruwan da ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa yakan fito da ɗan tsami fiye da na teku, ya kuma kwaso taki a hanya. Bisa abin da aka yarda da shi a lokacin, ruwan nan bai kamata ya raya murjani ba. Amma ga murjani na girma har ana sare rassa ana aika wa wasu gidajen kifi.

Marlin Atkinson, masanin sinadaran teku a Jami'ar Hawai, da Bruce Carlson da Gerald Crow na gidan kifin, suka auna ruwan da kyau, suka buga sakamakon a mujallar Coral Reefs a 1995. Nau'in murjani mai ƙashi 57 ne ke rayuwa a ciki. Naitiret ya kai kusan miligiram 0.3 a lita, ninkin-ba-ninkin na ruwan teku mai tsabta. Fosfet kusan 0.06. Akwai kuma amoniya daidai gwargwado. Kuma girman rassan Acropora da suka auna ya yi kusa da mafi saurin girman da aka taɓa aunawa a teku.

Abu biyu ne a cikin waɗannan lambobi, kuma dukkansu an wuce su. Na farko, taki da yawa bai hana murjani yin ƙashi ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, takin ya zo ne a haɗe. In ka lissafa naitirojin ɗin da ke cikin naitiret da amoniya ka auna shi da fosfarus ɗin da ke cikin fosfet, za ka samu kusan 12 ga 1, ba nisa da 16 ga 1 da masanin teku Alfred Redfield ya bayyana a jikin ƙananan halittun teku. Manomi ya san wannan ba sai ya shiga aji ba: wanda ya zuba wa masara yuriya zalla a gonar da ba ta da sauran sinadarai, ganye zai samu, ba zangarniya ba. Rijiyar Waikiki taki mai haɗi take bayarwa, kuma ba ta yankewa dare da rana.

Akwai kuma wani abu da ke ba ni takaici duk lokacin da na tuna. Ɗauki kwalbar gwajin da masu kiwo ke amfani da ita a gida. Ka ɗebi ruwa, ka ɗiga magani, ka zuba garin hoda, ka girgiza, ka jira mintunan da aka ce, sannan ka je bakin taga ka ɗora ta kan katin launuka kana kanne ido ɗaya. Ruwan da masana suka kira mai taki da yawa, mai 0.3 ɗin nan, a yawancin kwalaben wancan zamani fari fat zai fito, mai shi ya rubuta sifili a littafinsa. Ke nan masana da masu kiwo suna faɗin "da yawa" da "babu" amma kowa da abin da yake nufi. Ga kuma wani ruɗanin: wasu kayan gwajin naitiret ɗin gaba ɗaya suke aunawa, wasu naitirojin da ke cikinsa kawai, tsakaninsu ninki 4.4. Mutum biyu sai su kwana suna musu alhali ruwansu ɗaya.

Shekara ɗaya bayan Waikiki, a 1996, wani bincike daga Barbados ya nuna cewa ƙara naitiret yana sa ƙwayoyin gansakukan jikin murjani su yawaita, ginin ƙashi kuma ya ragu. Binciken gaskiya ne, kuma ya dace da abin da aka riga aka yarda da shi, ga kuma labarin mashigin Kaneohe na Hawai da gansakuka ta lulluɓe murjaninsa saboda ruwan masai kafin a karkatar da shi a ƙarshen shekarun 1970. Shi ya fi shiga kunne. Ba a cika lura cewa naitiret kaɗai aka ƙara a gwajin ba.

Sai kayan aiki suka riski buri. A farkon shekarun 2000 aka samu tsakuwar tsatsar ƙarfe da ke tsotse fosfet, aka kuma fara ɗiga wa tanki sukari, ko ruwan khal, ko barasa, don bakteriya ta hayayyafa ta cinye naitiret, na'urar kumfa ta kwashe ta. A karon farko sifili ya zama sifili. Murjani ya rasa yawancin ƙwayoyinsa masu launin ƙasa, sai launin shuɗi da ruwan hoda suka fito tas, hotuna suka cika intanet, kowa na so. Amma wannan kyan na ramar yunwa ne. Bakin rassa ya riƙa ƙonewa, nama na salewa daga ƙashi cikin kwana ɗaya. Sannan ga daino, wata halitta mai kama da majina launin ƙasa, tana yin zare-zare a kan yashi da dutse, kowane zare da ɗan kumfan iska a bakinsa, da dare ta lafa, haske na kamawa ta dawo. Wasu nau'inta, irin Ostreopsis, suna da guba, sai ka ga dodon koɗi a kife ba motsi. Masu kiwo da yawa sun lura cewa ta fi mamaye tankin da gwajinsa ya nuna babu naitiret babu fosfet.

Kuskuren, a fahimtata, kwaikwayon lambar teku aka yi aka bar yadda teku ke ciyarwa. Ruwan tudun murjani ba shi da taki ne saboda ana cinye shi da zarar ya iso, kuma yana isowa ba fashi: igiya na kawo ƙananan halittu, murjani na miƙa hannuwa da dare yana kamawa, garken kifi na kwana cikin rassa yana zuba amoniya. Tankin da aka tatse yana da lambar, amma ba shi da abincin.

Masana sun zo sun tabbatar da rabin da aka manta. Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna, a binciken da ya fito a 2013, cewa idan naitirojin ya yi yawa fosfet ya yi ƙaranci, ƙwayoyin nan suna ci gaba da hayayyafa cikin yunwar fosfet, fatar da suke kama haske da ita ta lalace, zafi kaɗan ko haske mai ƙarfi sai murjani ya yi fari. Wanda aka ba shi duka biyun ya fi juriya. A 2018 kuma wani bincike a tsibiran Chagos na Tekun Indiya ya gano cewa inda ɓeraye ba su kori tsuntsayen teku ba, kashin tsuntsu na gangarawa ruwa, kifin wajen ya fi yawa ya fi saurin girma.

Yau masu Acropora da dama suna riƙe naitiret tsakanin miligiram 2 zuwa 10, fosfet tsakanin 0.03 zuwa 0.1, suna rage ko ƙara a hankali cikin makonni. Sai dai masu ɗiga naitiret su ma su yi hattara da jingina da Waikiki, domin 0.3 ba 30 ba ne, kuma mai ƙara naitiret a tankin da ya tatse fosfet yana maimaita gwajin Southampton ne a ɗakinsa. Sabuwar gardamar ma ta koma kan amoniya: wasu sun fara ɗiga ta ƙanƙane a madadin naitiret, saboda murjani ya fi shan ta da sauƙi, ba sai ya kashe ƙarfi wajen sarrafa ta ba. Ita ma tana cikin jerin abin da aka auna a ruwan rijiyar nan ta Honolulu.