Ma'anar Tamilakam da Matsayin Kerala a Cikinta

Tamilakam shi ne sunan da tsofaffin rubuce-rubucen kudancin Indiya suka ba ƙasar masu magana da harshen Tamil, kuma har gobe da shi malaman tarihi suke kiran wannan yanki idan suna batun ƙarnonin da suka gabaci haihuwar Annabi Isa (AS) da waɗanda suka biyo baya kaɗan. Gabatarwar Tolkappiyam, wato littafin nahawun Tamil mafi daɗewa da ya iso hannunmu, ta shata iyakar ƙasar daga dutsen Venkatam a arewa, inda garin Tirupati yake a yau, zuwa Kumari, can ƙarshen tudun Indiya ta kudu. Saboda haka kuskure ne a ɗauka jihar Tamil Nadu kaɗai ake nufi, domin jihar Kerala ma tana ciki, ko da yake mutanenta yanzu Malayalam suke yi.

Gidajen sarauta uku ne suka raba ƙasar a tsakaninsu. Chola suna gabas da tambarin damisa, Pandya suna Madurai da tambarin kifi, Chera kuma, masu tambarin baka, su ne suka riƙi gaɓar yamma da ta zama Kerala. Rubutun da sarki Ashoka na daular Maurya ya sa aka sassaƙa a kan duwatsu a ƙarni na 3 kafin miladiyya ya ambaci Chola da Pandya da Keralaputra (wato Chera) a matsayin maƙwabtan da ba sa ƙarƙashin ikonsa.

Mafi yawan abin da aka sani game da sarakunan Chera na farko daga waƙoƙin Sangam ya fito, wato tsofaffin kundayen waƙoƙi na wancan zamani, kuma da Tamil aka tsara su. Akwai kundin Pathitrupathu, wanda asalinsa kashi goma ne, kowane kashi da waƙa goma ta yabon sarkin Chera guda, amma na farko da na ƙarshe sun ɓace, saura takwas. Wata waƙa a kundin Akananuru ta siffanta tashar jiragen ruwa ta Muchiri, wadda Rumawa suka sani da Muziris, inda jiragen baƙi da ake ce wa Yavana suke shigowa bakin kogi ɗauke da zinariya, su koma maƙare da masoro. Haƙan da aka fara a Pattanam, kusa da garin Kodungallur na Kerala, a shekarar 2007 ya fito da tarin fasassun tulunan Rumawa da duwatsun ado, abin da ya ƙarfafa maganar mawaƙin. Ya kamata a ce ba don ƙwazon mutane irin su U. V. Swaminatha Iyer (1855 zuwa 1942) ba, wanda ya bi gari-gari yana tattara rubutun da aka yi a ganyen wata irin giginya, da gara ta cinye da yawa daga cikin wannan gado.

Harshen Malayalam ya fara bayyana da kamanninsa a rubuce tun wajen ƙarni na 9, a irin allunan tagullar Kollam na shekarar 849, waɗanda aka rubuta da haruffan Vatteluttu da Tamilawa ma suke amfani da su. Tsaunukan Ghats na Yamma sun katange gaɓar teku daga cikin ƙasa, sannan kalmomin harshen Sanskrit suka yi ta shigowa, har karin harshen Tamil na gaɓar yamma ya zama harshe mai zaman kansa. Malamai sun saɓa kan lokacin rabuwar, wasu na ganin ta fi haka daɗewa, kuma a ganina adalci shi ne a ɗauki adabin Sangam gadon al'ummomin biyu ne gaba ɗaya.

A fagen fasaha ma tushen bai ɓoyu ba. Doguwar waƙar Silappatikaram, wadda al'ada ta jingina ga Ilango Adigal, ɗan gidan sarautar Chera, ta ba da labarin Kannagi, matar da aka kashe mijinta bisa zalunci a Madurai, kuma masu ziyartar haikalin Kodungallur suna danganta wurin da ita har yanzu. A cikin waƙar an ambaci wani Chakkaiyan, wato ɗan wasa, da ya yi rawar koothu a gaban sarkin Chera, kuma dangin Chakyar, masu irin wannan suna, ne suka riƙe wasan kwaikwayon Kutiyattam a haikalan Kerala ɗaruruwan shekaru, wasan da hukumar UNESCO ta sanya cikin fitattun al'adun duniya a shekarar 2001.